Tatsuniya da Darasinta a Manhajar Hausa: Tsokaci daga Betso ta Ƙasar Mubi

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da Hausa a firamare ko ƙaramar sakandare ya san yadda darasin tatsuniya yake ƙarewa. A karanta labari, a fitar da sababbin kalmomi, sannan a zo ga tambayar ƙarshe: wane darasi ka koya daga wannan tatsuniya? Amsoshin ma sanannu ne, wato haƙuri, da biyayya ga na gaba, da illar kwaɗayi. Ɗalibi kan haddace su tun yana aji uku, ya yi ta maimaita su har ya bar makaranta, ko da wace tatsuniya aka kawo masa.

Manufar wannan takarda ita ce mu duba ko wannan tambaya tana yi wa tatsuniya adalci, kuma ko tana yi wa yaron da ke saurare adalci. Mun ɗauki Betso, da ke Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, a matsayin wurin da za mu auna maganar, domin a irin wannan wuri ne raunin hanyar ya fi fitowa fili.

2.0 Daga Bakin Kaka zuwa Takarda

A gargajiyance tatsuniya abar dare ce, kuma galibi tsofaffin mata da amare ne ke yi wa yara ita bayan an ci tuwo. Mai bayarwa takan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", yara su amsa da "ta zo mu ji ta", in ta ƙare ta rufe da "ƙurunƙus". Tsakanin buɗewa da rufewa akwai waƙa da amshi, akwai kwaikwayon tsamin bakin Gizo, akwai dariya da tsoro da gardama. Mu da muka tashi muna jin ta haka, ba mu tuna daren da kaka ta tsayar da mu ta ce sai mun faɗi darasi kafin mu kwanta ba. In akwai hannunka-mai-sanda a ciki, wanda aka yi dominsa yakan gane.

Rubuta tatsuniya kuwa ya faro ne daga baƙi. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885. Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, kuma a 1913 ɗin ne R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne suka buga nasu tarin. Waɗannan ayyuka an yi su ne domin masu koyon harshe da masu mulki, yaro bai cikin lissafinsu. Shigar labari aji sosai ta zo ne da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, daga baya kuma da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya a 1971.

Abin lura game da Magana Jari Ce shi ne, a littafi na ɗaya aku yana ba Musa ɗan Sarki labarai ne domin ya riƙe shi a gida, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Ke nan aikin farko da labari ya yi shi ne kama hankalin yaro. Hikimar da ke ciki ta biyo baya ne, kuma ta shiga ne saboda yaron ya riga ya ba da kunnensa. Hanyar koyarwarmu ta juya wannan tsari, ta sa darasi a gaba, daɗin labari a baya.

3.0 Yaron Betso da Tatsuniyar Hausa

Ƙasar Mubi matattara ce ta harsuna. Akwai Fali da Gude da Nzanyi da Higi da Margi da Fulani, ga kuma Hausa da ta zama harshen kasuwa da hulɗa tsakaninsu. Yankin ya kasance ƙarƙashin Jamus, sannan ƙarƙashin riƙon amanar Ingila, bai zama ɓangaren Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Saboda haka yara da yawa a nan suna haɗuwa da tatsuniyar Hausa ne bayan sun riga sun ji ta gidansu da wani harshe. Ɗan Fulani, alal misali, ya zo da taalol ɗinsa, da zomonsa da kurarsa.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da bitarta ta 2004, sun tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa wannan zuwa ƙarshen firamare, a 2025 kuma ta sanar da komawa ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Duk yadda manufa ta juya, darasin Hausa yana cikin 'yan wuraren da yaron Betso zai iya buɗe baki ya faɗi abin da ke ransa da harshen da yake ji sosai. Idan muka mayar da wannan dama ta zama ta haddace amsa guda, mun yi asara babba.

4.0 Nazarin Tatsuniyoyi Uku

4.1 Gizo

Littattafan makaranta sun fi son tatsuniyar Gizo da hankaki, inda hankaki suka ara masa fuka-fukai ya bi su cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya nuna haɗama, suka ƙwace gashinsu suka bar shi. Darasin a bayyane yake, shi ya sa take da sauƙin sakawa a jarrabawa. Amma akwai wadda Gizo ya ci bashin giwa da dorina, ya haɗa su jan igiya, kowace tana zaton da shi take ja, ya tsira bai biya ba. A nan wane darasi za a rubuta a allo? Malami yakan rasa ta cewa, ko ya ƙirƙiro wa Gizo hukuncin da babu shi a labarin.

Gaskiyar magana ita ce, muna yara Gizo muke so. Mun san maƙaryaci ne, mun san yana cutar Ƙoƙi, duk da haka in ya yi nasara kan giwa mukan yi shewa. Dalili kuwa shi ne yaro ƙarami ne a cikin duniyar manya, kuma Gizo shi ne ƙaramin da ya kayar da babba. Wannan jin daɗi ba lalacewar tarbiyya ba ne. Tatsuniyar tana nuna wa yaro cewa ƙarfi ba shi ne komai ba, kuma tana koya masa ya gane mayaudari in ya gan shi. Wanda ya san dabarun Gizo ba a saurin yi masa su. Tambayar da ta dace a nan ita ce: me ya sa giwa ta yarda? Wannan za ta kai ɗalibai ga girman kai da rashin bincike, abin da tambayar darasi ba ta taɓa kai su.

4.2 'Yar Bora da 'Yar Mowa

Tatsuniyar ruwan Bagaja, wadda Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934, tana cikin waɗanda aka fi kawowa a matsayin misalin ladabi. An kori 'yar bora ta je wankin ƙirgi a ruwa mai nisa, ta yi biyayya ga duk abin da ta tarar a hanya, ta komo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawu da rashin kunya, ta komo da kutare da makafi.

A wani aji da muka taɓa koyarwa, wata yarinya ta tambaye mu: "Malam, to shi baban yana ina lokacin da aka kore ta?" Ba mu da amsa a shirye, domin jagoran malami bai tanadi wannan ba. Amma tambayarta ta fi tamu zurfi. Tatsuniyar ƙorafi ce a kan maigidan da ya kasa adalci tsakanin matansa, kuma matan da suka riƙa ba da ita cikin dare sun san abin da suke faɗa. Idan muka taƙaita ta ga "haƙuri maganin zaman duniya", mun ɗora wa yarinyar da aka zalunta dukkan nauyi, mun sallami wanda ya yi shiru. A cikin kowane aji kuma akwai 'ya'yan bora da 'ya'yan mowa na gaske, suna zaune kan benci ɗaya.

Akwai matsala ta biyu. Ƙarshen labarin ya mayar da kutare da makafi alamar hukunci. Yaron da mahaifinsa makaho ne yana jin wannan, ko da bai ce komai ba. Ba mu ga dacewar a goge wannan sashe a ɓoye ba, amma wajibi ne malami ya tsaya a kansa, ya tambayi ɗalibai ko sun yarda cewa naƙasa sakayyar mugun hali ce.

4.3 Dodo

Wasu malamai da iyaye na ganin a cire tatsuniyoyin Dodo saboda suna firgita yara. Wannan ra'ayi yana da nauyi a ƙasar Mubi, inda 'yan Boko Haram suka mamaye garin a ƙarshen Oktoba 2014, jama'a suka watse zuwa duwatsu da Yola da Kamaru, kafin a ƙwato shi a Nuwamba. Yaran wancan lokaci sun girma, ƙannensu kuma sun tashi suna jin labarin gudun a gida. Labarin abin da ke haɗiye mutanen gari ba wasa ba ne a kunnensu.

Duk da haka muna ganin cirewa ba ita ce mafita ba. A yawancin waɗannan tatsuniyoyi ana cin galabar Dodo, kuma sau da yawa Auta ne, ƙaramin da aka raina, yake yin aikin. Bruno Bettelheim ya yi irin wannan hujja a 1976 game da tatsuniyoyin Turai, cewa suna ba yaro hanyar fuskantar tsoronsa cikin aminci. Sharaɗin dai shi ne malami ya san ajinsa, ya kai labarin ƙarshe a zama ɗaya, kuma kada ya tilasta wa kowa magana.

5.0 Abin da Ya Faru a Wasu Ƙasashe

Liƙa wa tatsuniya darasi ba a kanmu aka fara ba. A Faransa, Charles Perrault ya buga tarinsa a 1697, ya bi kowane labari da 'yan baitocin wa'azi. A Jamus, 'yan'uwan nan biyu Grimm sun fara buga nasu a 1812, suka yi ta gyara shi har bugun 1857. Cikin gyaran har da mayar da muguwar uwa ta zama matar uba a wasu labarai, domin kada a ɓata sunan uwa. Wannan ya nuna cewa duk mai tace tatsuniya domin yara yana saka ra'ayin zamaninsa a ciki. Mu ma masu tsara manhaja haka muke yi, don haka ya kamata mu san abin da muke zubarwa in muna tankaɗe.

6.0 Shawarwari

Na farko, a fara da baki kafin takarda. Malami ya ba da tatsuniyar da waƙarta da amshinta, sannan a buɗe littafi.

Na biyu, a jinkirta tambayar darasi. A fara da: wa ka fi so a labarin, kuma don me? Wa aka zalunta? Da kai ne, me za ka yi? A jarrabawa a karɓi kowace amsa da ɗalibi ya kafa wa hujja daga cikin labarin.

Na uku, a wurare irin Betso a ba ɗalibai aikin kawo tatsuniyar gidansu, ta Fali ko Higi ko Fulfulde, su ba da ita da Hausa, a kwatanta ta da ta Gizo. Wannan zai ƙarfafa Hausarsu ba tare da ya raina harshen iyayensu ba.

Na huɗu, masu zaɓen matani su haɗa da tatsuniyoyin da ba su da saukin hukunci, kuma jagoran malami ya yi gargaɗi kan wuraren da suka taɓa naƙasa da kishi da tashin hankali.

Na biyar, kwalejojin ilimi da ke horar da malaman Hausa, irin na Yola da Hong, su sa aikin ba da tatsuniya da baki cikin gwajin koyarwa.

7.0 Kammalawa

Ba mu ce tatsuniya ba ta da darasi ba. Abin da muka nuna shi ne tana da fiye da ɗaya, kuma wanda yaro ya tsinta da kansa ya fi zama a zuciyarsa. Misalan Gizo da 'yar bora da Dodo sun tabbatar da cewa abin da ɗalibi ya ji, na so ko haushi ko tsoro, shi ne ƙofar fahimtarsa. Ya rage ga masu tsara manhaja da marubuta littattafan makaranta su ba wannan ji gurbi a cikin darasi, su kuma horar da malamin da zai iya sauraren tambayar da ba ta cikin jagoransa.