Sauraron Tsofaffin Faya-fayan Barmani Coge: Abin da Na'ura Ta Riƙe da Abin da Ta Zubar

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta jawo hankalin manazarta waƙar baka zuwa ga wani abu da muka saba tsallakewa, wato shi kansa faifan da muke ɗauko waƙa daga cikinsa. Al'adarmu ita ce mu kunna kaset, mu juye kalmomin a takarda, mu kashe rikoda, sa'an nan mu shiga neman jigo da salo a cikin rubutun. Wannan hanya ta yi mana amfani wajen waƙoƙin fada, inda nauyin waƙa yake kan kirari da tarihi. Amma idan aka zo kan amada, musamman ta Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ina ganin rabin waƙar muke bari a cikin na'ura.

2.0 Darasi daga Amurka

Ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan matsala ba. A Amurka, daga 1920 zuwa wajen 1930, an yi wasu zabiyoyi baƙar fata masu yawo gari-gari suna waƙa a dandamali da cikin tantuna, irin waƙar da suke kira buluz. Biyu daga cikinsu sun ishe mu misali. Bessie Smith ta fara ɗaukar faifai da kamfanin Columbia a 1923, ta bar waƙoƙi wajen 160, kuma daga 1970 kamfanin ya sake fito da su a tattare. Ita kuwa Ma Rainey, wadda ta girme ta a sana'ar, kamfanin Paramount ne ya ɗauke ta daga 1923 zuwa 1928. Faya-fayansa ba su da inganci, da ya rushe kuma uwayen faya-fayan suka salwanta. Saboda haka mai sauraro a yau yana jin Bessie tangaram, yana jin Ma Rainey kamar daga bayan katanga, har ya yanke hukunci cewa waccan ta fi wannan murya, alhali kuwa kamfani biyu yake aunawa. Ga kuma faifan garmaho na lokacin, wanda fuska ɗaya ba ta wuce kamar minti uku ba, sai mawaƙiya ta datse waƙarta ta dace da shi.

3.0 Amada a cikin faifai

Amada kiɗan mata ne, na cikin gida, na biki da suna. Kayan kiɗanta ƙore ne, wasu a kife a ƙasa, wata kuma a kife a kan ruwa cikin masaki, ana bugu da 'yan sanduna. Kafin Barmani ta yi fice an yi Hajiya Uwaliya Mai Amada a nan Kano. Abin da ya kai kiɗan kunnen duniya shi ne gidajen rediyo da kamfanonin faifai, sa'an nan kaset, wanda 'yan kasuwa irin na Ƙofar Wambai suka yi ta juya shi daga wannan zuwa wancan. A yau yawancin abin da ke hannun jama'a jikokin waɗannan kaset ne da aka tura cikin wayoyi.

Kowane mataki da abin da ya ci. Juyi bisa juyi yakan dusashe sauti mai kaifi, wato ƙarar sanda a bayan ƙwarya da bakin kalmomi, ya ƙaro shuuu. Lasifikar waya kuwa ba ta iya ɗaukar sauti mai kauri, don haka ƙwaryar ruwa, wadda ita ce ke riƙe da ƙugun masu rawa, takan ɓace ɗungum, a bar mutum da ƙwas-ƙwas. Akwai na uku, wanda ya fi damuna: idan rikodar da aka yi juyi da ita ta fi gudu ko ta yi nawa, muryar takan sirance ko ta yi kauri. Na taɓa jera kwafi biyu na waƙa ɗaya, a ɗaya ka ce budurwa ce, a ɗayan ka ce dattijuwa. Wanda ya rubuta cewa muryar Barmani kaza ce, sai mu tambaye shi: a wane kwafin?

Duk da wannan ɓarna, abin da ya tsira ya isa a gane gwaninta. Muryarta ba mai zaƙi ba ce irin wadda ake yayi yanzu. Murya ce buɗaɗɗiya mai ɗan kaushi, wadda aka horar a tsakar gida cike da mata da yara, ba tare da lasifika ba. Inda ta fi burge ni shi ne mu'amalarta da 'yan amshi. Sau da yawa ba ta jira su dire, sai ta faɗo a kan wutsiyar amshin da sabon ɗa, ta yadda waƙar ba ta samun wurin numfashi, mai rawa ma haka. Wani lokaci kuma ta sauko daga rerawa zuwa magana tsagwaronta, ta jefa habaici, ta koma kan kari ba tare da ta ɓata bugu ɗaya ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a takarda. A takarda, “A Kama Sana'a Mata” nasiha ce mai maimaita kanta, har wani ya ce ba ta da zurfi. A kunne kuwa maimaicin ne aikin: kowane zagaye da inda ta matsa muryar, tana lallashi, tana gori, tana ba'a.

Na saurari wasu daga cikin waɗannan kaset tare da wasu dattijan mata a Rijiyar Zaki, ta ƙaramar hukumar Ungogo, wadda a da ƙauyen manoma ce a hanyar Gwarzo kafin birni ya cim mata. Inda na ɗauka kaset ne ya lalace, domin jagora ta yi shiru an bar ƙore da amshi suna ta zagaye, su sai suka ce a'a, wata ce ta shigo fili tana liƙi, ana jiran ta gama. Guɗar da nake ji a matsayin hayaniya, su ita ce ke gaya musu wane ɗa ne ya soki wata a wurin. Wannan ya sa na fifita ɗaukar da aka yi a gidan biki, duk da ƙurarta, a kan wadda aka yi a ɗakin ɗaukar murya, inda sautin ya fi tsabta amma ba kowa a fili.

3.1 Zargin batsa

An daɗe ana sukar Barmani da sakin baki, ana kafa hujja da irin “Waƙar Duwaiwai”. Ba na musun cewa kalmomin suna nan. Abin da nake cewa shi ne, faifai ne ya sauya mata masu sauraro. Maganar da mata ke yi wa junansu a bayan zaure, game da jikinsu da haihuwa da kishi, ita ce na'ura ta ɗauko ta ajiye a tasha da teburin mai shayi. Wanda ya ji ta a can ya ji ta a inda ba don nan aka yi ta ba. Ita ma “Gwarne Ikon Allah”, mai magana a kan haihuwa kusa da kusa, a kunnen namiji abin dariya ce, amma ga matar da aka sha yi wa gorin gwarne kariya ce aka yi mata a gaban tsaranta.

Wannan ba ya nufin duk abin da ke cikin faya-fayan zinariya ne. Akwai wurare masu tsawo da ba komai sai jera sunayen hajiyoyi da abin da kowace ta bayar. A fili wannan shi ne cinikin, kuma mai sunan tana jin daɗi. A faifai, bayan shekaru, gajiyarwa yake yi, kuma a nan Barmani ba ta kai Shata iya saƙa sunan mutum cikin labari ba.

3.2 Rashin kwanan wata

Beverly Mack ta ba Barmani wuri a littafinta na 2004 a kan waƙoƙin matan Hausawa, Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma ya yi rubutu a kanta bayan rasuwarta. Abin da ya rage shi ne aikin faifan kansa. Kwafin da ke yawo a wayoyi ba ya ɗauke da shekara, ko gari, ko sunayen masu amshi da masu ƙwarya, har ma akan laƙaba wa waƙa ɗaya suna biyu. Muddin haka ne, ba mai iya cewa ga yadda salonta ya tashi daga ƙuruciya zuwa tsufa, ko ga abin da ta gada daga magabatanta. Shawarata ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi ita ce a tura ɗalibai ma'ajiyar gidajen rediyon Kaduna da Kano da Katsina, da wurin tsofaffin 'yan kaset, a nemo kwafi mafi kusa da asali, a juye shi a kan gudunsa na gaskiya, a kuma zauna da matan da suka yi mata amshi tun suna raye su faɗi inda aka yi kowace waƙa da wadda aka yi wa.