Bidiyon NAF 475: Rabi Gaskiya, Rabi Haɗi, Mu Kuma Muka Kasa Rabewa

A farkon watan Afrilun 2021, ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi, ina zaune a teburin mai shayi a Kwanar Ɗangora ina jiran motar Tudun Wada ta cika, sai wani direba ya miƙo mini wayarsa. "Malam, kai da ka yi boko, duba mana. Da gaske sun harbo shi?"

Bidiyon da Boko Haram ta saki ne ranar 2 ga Afrilu. Kwana biyu kafin nan, da yammacin 31 ga Maris, wani jirgin yaƙin Najeriya samfurin Alpha Jet mai lamba NAF 475 ya ɓace a sararin jihar Borno, ɗauke da matuƙa biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele. A bidiyon za ka ga mayaƙa suna harbi sama, ka ga jirgi yana tafiya, sai kawai ya kama da wuta ya tarwatse. Daga nan sai a nuno wani a tsaye kan tarkace, ga tutar Najeriya, ga lambar jirgin ɓaro-ɓaro.

Nan take teburin ya rabu biyu. Wasu suka ce ai gani ya kori ji. Wasu suka ce duk ƙarya ce, aikin kwamfuta ne. Mai karatu, ƙorafina a yau yana kan ɓangarorin nan biyu ne, har da hukuma, domin kowa ya amsa tambaya ɗaya alhali tambayoyi uku ne a gabanmu: wane irin jirgi ne, na waye, kuma me ya kawo shi ƙasa? Kowacce da irin hujjarta.

Ta farko ita ce mafi sauƙi, kuma ita ta fi yaudara. Sanin samfurin jirgi ba ya gaya maka mai shi. Kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus ne suka haɗu suka ƙera Alpha Jet, kuma ban da Najeriya, Kamaru da Togo da Masar da Maroko duk sun saya. Jirgi mara matuƙi na Turkiyya, Bayraktar TB2, akwai shi a Najeriya da Nijar da Mali da Burkina Faso. Super Tucano da muka karɓa a 2021, Mali da Burkina Faso sun riga mu mallakarsa. Wanda ya hango siffa daga nesa ya ce "namu ne", daidai yake da wanda ya ga Golf a kan titin Zariya ya rantse ta ƙanin babansa ce.

To, na waye? Abin da ido ke fara kamawa shi ne fenti: zagayen tambarin da ke jikin fiffike, kore da fari da kore a namu, ko kore da fari da ruwan lemo a na Nijar. Amma fenti shi ne hujja mafi rauni. Na Indiya launukansa ɗaya da na Nijar, jerin ne kawai ya juya. Ana iya shafa fenti a dare ɗaya, wuta kuma tana cinye shi cikin mintuna. Kai, gangar jikin ma ba ta tsira ba, domin alminiyom yana narkewa a wajen digiri 660 na ma'aunin Salshiyos, wutar man jirgi kuma tana wuce haka. Abin da ke saura shi ne sassan ƙarfe mai tauri: inji, ƙafafun sauka, da 'yan farantan da kamfani ya buga wa lamba ya manna a jiki. Duk direban da ke Kwanar Ɗangora ya san wannan ilimin. In ana zargin mota ta sata ce, ba a duba launinta ko lambar da ke rataye a gaba. Bonet ake buɗewa a nemi lambar inji. Haka masu bincike suke yi: su karanta lambar, su bi ta har takardun kamfani, su ga wa aka sayar wa.

Sai dai ita ma lambar tana da iyaka, kuma tarihinmu ya nuna haka. A watan Afrilun 1967 aka karkatar da wani jirgin fasinja na Nigeria Airways samfurin Fokker F27 zuwa Inugu. Da yaƙin basasa ya ɓarke, Biyafara ta mayar da shi na jefa bam, kuma ranar 7 ga Oktoba 1967 ya tarwatse a saman Legas. Da za ka tsinci farantinsa, takardu za su kai ka ga kamfanin gwamnatin Najeriya, alhali Najeriyar ya zo kai wa hari. Lamba tana faɗin wanda ya saya. Wanda ke riƙe da sitiyari a ranar, wannan sai an haɗa da inda jirgin ya taso, da bayanan na'urar rada, da su waye a ciki.

Kada ka ce ai sojoji ba sa irin wannan ruɗewa. Tun yaƙin duniya na biyu aka ƙirƙiro na'urar da ake kira IFF: rada ta aika tambaya a ɓoye, jirgin gida ya mayar da amsa. In na'urar tana kashe, shiru ne, shirun kuma ba ya bambanta ɗan gida da baƙo. Ranar 27 ga Fabrairun 2019, ana tsakiyar zaman ɗar-ɗar da Pakistan, sojojin Indiya suka harbo jirginsu mai saukar ungulu a Budgam da ke Kashmir, sojoji shida da farar hula ɗaya suka mutu. Sai a watan Oktoba shugaban rundunar ya fito ya amsa cewa makaminsu ne. Masu rada ke nan, balle ni da kai da waya a hannu.

Mu dawo kan bidiyonmu. A tambaya ta biyu, gaskiya ya faɗa: lambar da aka nuna ta dace da jirgin da rundunar da kanta ta ce ya ɓace. A ta uku ne aka yi mana haɗi. Kakakin rundunar na wancan lokacin, Edward Gabkwet, ya ce jirgin da ya fashe a sama irin haka ba zai sauko da mafi yawan gangar jikinsa da wutsiyarsa a haɗe ba. A nan kimiyya tana bayansa. Abin da ya tarwatse a sama yakan watsu a fili mai faɗi, sassa masu nauyi su yi gaba, marasa nauyi iska ta kwashe su gefe. Wanda ya daki ƙasa a dunƙule, tarkacensa a wuri ɗaya suke taruwa. Daga baya masu bin diddigi na CNN suka gano cewa ƙwallon wutar an yanko shi ne daga wani bidiyon 2012 na jirgi mai saukar ungulu da ya fashe a Siriya.

Ka ga dabarar ko? An ɗauko gaskiya ɗaya da kowa zai iya tabbatarwa, aka jingina mata ƙarya, don ta ɗauke ta a baya. Masu cewa gani ya kori ji sun haɗiye duka. Masu cewa duk ƙarya ce sun zubar da duka, har da shaidar cewa maƙiya sun riga kowa isa wurin.

Ita ma sanarwar rundunar ina da ja a kanta. Bayan ta rushe bidiyon, sai ta ce a fili yake hatsari ne kawai. Da wace hujja? Sojoji ba su kai ga tarkacen ba sai a watan Maris na 2022, a dajin Sambisa, kusan shekara guda bayan nan. Dalilin faɗuwa a jikin ƙarfe ake karanta shi: ramin da bakinsa ya lanƙwashe ciki yana nuna abu ya shigo daga waje, wanda ya buɗe waje yana nuna fashewa daga ciki. Ta irin haka masu binciken Holan suka gano ɓarɓashin makamin Buk a tarkacen jirgin MH17 da ya faɗi a Yukren a 2014. Ƙaryata hujjar abokin gaba daban, tabbatar da taka daban. Kuma ba a ce abin ba ya yiwuwa ba: wata uku da rabi bayan nan, rundunar ta amsa da bakinta cewa ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga sun harbo wani Alpha Jet a Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya fice da lema ya tsira.

Me ya shafe mu a kudancin Kano? Dajin Falgore yana nan a bayanmu, sojoji suna atisaye a ciki tun 2017, akwai kuma makarantar koyon tuƙin jiragen soja a Kano. Allah ya kiyaye, amma in wata rana wani abu ya faɗo a gona a Doguwa ko Kiru, mutanen ƙauye ne za su fara isa. Kada a taɓa. Akwai yiwuwar bam da bai tashi ba, kujerar matuƙi ma tana da roka a ƙarƙashinta. Farantin da yaro zai ɓamɓare ya kai wa 'yan gwangwan, wataƙila shi ne kaɗai abin da zai gaya wa iyalan wani inda ɗansu ya ƙare. Wanda kuma ya sauko da lema, ko na waye shi, ƙarin yarjejeniyar Janeba na 1977 ya hana a kai masa hari yana saukowa. A tsare shi a kira hukuma.

Ranar nan a teburin shayi na ce wa direban ban sani ba tukuna. Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce to ina amfanin bokon? Motar ta cika muka tashi. Har yau ina ganin amsar da ta dace ke nan, sai dai da na ƙara masa da cewa: lambar gaskiya ce, wutar kuma mu jira.