Zane a Jikin Tulu: Nazari a Kan Fasahar Ladi Kwali

Manazarta adabi, in suka zo zancen fasahar mata a Arewa, sukan fara da Nana Asma'u su tsaya a kan Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu, sai ka ce mace ba ta da wata hanyar bayyana tunani in ba waƙa ba. Wannan takarda na ganin akwai gyara. Tun da aiki ya kawo ni Minna, garin da Ladi Kwali ta rasu a 1984, nake ta juya wannan magana a raina.

An haifi Ladi a ƙauyen Kwali na ƙasar Gwari wajejen 1925, ta kuma koyi ginin tukwane a gida tun tana ƙarama. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya gane darajar tulunanta, har ya tara su a fada. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya kafa a Abujar da, wato Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. An baje kolin aikinta a Landan a 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, a 2007 kuma hotonta ya hau bayan takardar naira 20.

Abin lura shi ne zanen kansa. Takan raba jikin tulu gida-gida da layuka, ta zana kunama ko ƙadangare ko hawainiya ko kifi a kowane gida, sannan ta cike tsakani da ƙananan tsage masu maimaita juna. Wanda ya saba da rubutacciyar waƙa zai ga ɗango da amshi a nan: siffa tana dawowa a ƙayyadadden wuri, amma ba ta dawowa yadda ta tafi. Ƙadangarenta ba ya neman kama da na bango. Ta shimfiɗe shi ne don ya bi cikin tulun, kamar yadda mawaƙi ke jan gaɓa don ta hau kari.

Sai dai ba zan bi masu yabo ba ƙaidi ba. Tulun Gwari na asali, da ake gasawa a fili da itace da ciyawa, yana tsatsar da ruwa ta jikinsa, shi ya sa ruwan ke sanyi. Da aka shafe shi da ruwan ƙyalli aka gasa a tanderu mai tsananin zafi, sai ƙofofin yumɓun suka toshe, ya kuma yi nauyin da ba mace da za ta ɗora shi a ka zuwa rafi. Zanen ya ƙara fitowa, ba shakka, amma masu karanta shi sun sauya: daga matan Kwali zuwa masu sayen kayan ado a Turai.