Nurul Albabi da Zaman Miji da Mata

Wanda ya fita Sakkwato ta Ƙofar Kware ya miƙe arewa, zai isa garin Kware, inda Gwamnatin Tarayya ke da asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa da damuwar rai. Likitocin irin wannan asibiti sun san cewa sau da yawa wahalar da ke samun miji da mata a shimfiɗa daga zuciya take tasowa, ko da jiki lafiya lau yake. To, akwai wani littafi da ya taɓo gindin wannan magana tun da daɗewa, watau Nurul Albabi, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta da Larabci. Shehu ya zauna a Sakkwato daga 1815 har ya rasu a 1817.

A cikin littafin Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai a zaure, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ya kwatanta yadda suke riƙon mace da yadda ake riƙon kayan aikin gida, a mora, in ya fashe a yar. Ya nemi a koya musu alwala da salla da azumi. Wanda duk ya karanta Ahalari ya san ba a koyon tsarki sai an yi maganar wankan janaba da haila da jinin biƙi. Ashe macen da aka karantar ta san jikinta ke nan, ta kuma sami bakin tambaya.

Nan ƙarfin littafin yake. Yarinyar da aka kai ɗakin miji ba wanda ya gaya mata kome, tsoro ke fara shigarta. Tsoron nan yakan ɗaure jiki har saduwa ta zama azaba, sa'an nan a ce iska ce ko sammu. Namiji ma haka. Kadan ya kasa sau ɗaya don gajiya ko tunanin bashi, sai fargaba ta kama shi, fargabar kuma ta sa ya sake kasawa. Wasu masu bincike biyu na Amurka, Masters da Johnson, sun bayyana wannan a littafinsu na 1970, suka nuna magani yana cikin kwantar da hankali da yin magana tsakanin ma'aurata. Magana kuwa ba ta yiwuwa tsakanin mutum da ƙwaryarsa. Sai miji ya ɗauki matarsa mutum mai hankali, kamar yadda Shehu ya nema.

Amma kada mai karatu ya nemi abin da ba a ajiye ba. Nurul Albabi littafin wa'azi ne da gyaran al'ada, bai shiga bayanin cututtuka ba. Ciwon sukari da hawan jini suna rage ƙarfin namiji, ciwon sanyi da ƙanjamau ta saduwa ake ɗaukarsu, waɗannan kuwa sai an je asibiti an auna. Har yanzu dai wanda ya fahimci littafin ba zai ruga wajen mai tallar maganin maza ko kayan mata ba tun bai san abin da ke damunsa ba, gama ɓoye ciwo ba ya warkar da shi.

'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta aikata abin da littafin ya faɗa. Ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, su ne ake kira 'yan taru. Magidancin da ya gama ajin yaƙi da jahilci ya iya karatu, aikin da ya rage masa shi ne ya tabbata uwargida da 'yarsa sun sami nasu rabon.