Jinjina ga malaman da ke koyarwa kyauta ta intanet

A 2011, Andrew Ng na Jami'ar Stanford a Amurka ya ɗora darasinsa na koyon na'ura a intanet kyauta, mutum sama da 100,000 suka yi rajista. Daga nan ƙofa ta buɗe. Quincy Larson ya kafa dandalin koyon kwamfuta na freeCodeCamp a 2014, shi ma darasin CS50 na Harvard kowa na iya binsa ba tare da biyan ko sisi ba.

Waɗanda suka fi burge ni, duk da haka, su ne namu na gida, irin masu aikin sa-kai a Arewa Data Science Academy. Ilimin da ke zube a intanet ba ya koyar da kansa. Sai da mai riƙe hannun ɗalibi. Yarinya a Gusau ta rubuta layi goma a harshen kwamfuta na Python, kwamfuta ta ƙi karɓa, saboda ta manta ɗigo biyu a ƙarshen layin farko. Ga wuta an ɗauke, ga data na ƙarewa. A nan da yawa suke sarewa. Sai wani malami, bayan ya gama nasa aikin na yini, ya duba hoton allon da ta turo, ya nuna mata inda ta kuskure, ya ce ta sake gwadawa.

Daga irin waɗannan azuzuwa ake samun matasan da ke shiga ayyukan ƙungiyoyin HausaNLP da Masakhane, suna tattara jimloli suna tantance su ɗaya bayan ɗaya domin ƙirƙirarriyar basira ta fahimci Hausa.