Tsakanin Anna Mae da Annalise

Daga 2014 zuwa 2020 tashar ABC ta Amurka ta nuna wasan kwaikwayon How to Get Away with Murder, wanda Peter Nowalk ya ƙirƙira. Viola Davis ce ta fito a matsayin Annalise Keating, lauya kuma malamar shari'a a wata jami'a ta Filadelfiya. Da wannan rawa ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar Emmy ta babbar jaruma a wasan dirama, a 2015.

Annalise ba sunanta na yanka ba ne. Anna Mae aka raɗa mata, a gidan talakawa na kudancin Amurka, inda wani ɗan'uwan iyayenta ya lalata ta tana ƙarama. Boko ya fitar da ita, amma sai da ta yar da suna da asali. Inda wasan ya fi ratsa zuciya shi ne daren da ta zauna gaban madubi, ta cire gashin kanti, ta goge kwalliya, fuskar da ɗalibanta ba su sani ba ta bayyana. Haka nan ranar da mahaifiyarta, wadda Cicely Tyson ta fito a matsayinta, take taje mata kai tana faɗa mata cewa ita ta cinna wa gidansu wuta da mutumin a ciki. A nan babu ihu, babu kotu. 'Ya ce da uwarta.

Sai dai marubutan sun yi rowa. Gawa bisa gawa suka riƙa jibgewa, har ajin Annalise ya koma wurin ƙulla makirci, karatu kuwa sai a bakin ƙofa. Yadda Anna Mae ta haye daga wancan gida zuwa kujerar malanta, gutsure kawai aka ba mu.

Mai kallo a Tasawa ko Mayahi wannan gutsuren yake nema. A Nijar, binciken 2012 ya nuna 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuma tana sahun gaba. Yarinyar da ta bar ƙauye don kwaleji, ta zauna gidan mariƙi a gari, tana daka da ɗebo ruwa kafin ta buɗe littafi, ga masu neman aure suna zarya wurin mahaifinta, ita ce Anna Mae ɗinmu. Wasan ya same ta ne bayan ta riga ta ci jarrabawa.