Zanen Aro a Kan Rufin Gida: Sharhi Kan Ƙa'idojin Haɗa Sola da Babban Layin Wuta

Kowane rubutu yana da mai karatun da marubucinsa ya sa a rai, ko da kuwa rubutun kundin ƙa'idojin injiniyoyi ne. Wanda ya zauna ya karanta sharuɗɗan da ke tafiyar da haɗa farantan sola da babban layin wutar lantarki zai tarar cewa an gina su a kan wani zato guda da ba a furta ba: wuta tana nan kullum, ɗaukewarta ita ce baƙon abu. Wannan sharhi zai auna wannan zato da halin da magidanci yake ciki a Kano ko Katsina, inda zuwan wutar ne ake yi wa shewa.

Zuciyar waɗannan ƙa'idoji sharaɗi ɗaya ce. Inbatar da aka jona da babban layi, wato na'urar da ke juya wutar farantai ta zama irin wadda gida ke amfani da ita, wajibi ne ta daina tura wuta da zarar layin ya mutu. Ma'aunin Amurka mai suna IEEE 1547 ya ba ta daƙiƙa 2 kacal. Dalilin kuwa ran ɗan Adam ne. Idan kamfani ya kashe layi domin gyara, ma'aikaci ya hau falwaya yana da yaƙinin babu wuta, sai wani gida ya ci gaba da turo wutarsa, taransifomar unguwa za ta yi aiki a baibai, ta ɗaga ƙarfin wutar zuwa bolt 11,000, ta aika wa mutumin da ke riƙe da waya. A nan babu abin suka. Duk mai neman a sassauta wannan sharaɗi, da ran wani yake caca.

Sai dai abin da sharaɗin ke haifarwa a ƙasarmu ba shi ne abin da yake haifarwa a inda aka rubuta shi ba. Bajamushe zai iya shekara bai ga an ɗauke wuta na tsawon awa guda ba, don haka shirun inbatarsa ba ya damunsa. Mu kuwa, a tsarin da hukumar NERC ta raba masu shan wuta rukuni-rukuni, mafi gata su ne 'yan rukunin A da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, aka kuma ɗaga musu farashi zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024. Na ƙasa da su alkawarinsu bai kai haka ba. Magidancin da tsadar fetur ta kore shi daga janareta bayan cire tallafi a 2023, ya sayi farantai da inbata marar batir domin ta fi araha, zai wayi gari rana na dukan rufinsa da tsakar azahar, fanka kuwa a tsaye. Na'urarsa lafiyarta ƙalau. Biyayya take yi wa dokar da aka ɗinka da awon wani. Maganin shi ne inbata mai batir da ke iya yanke gidan daga layi ta ci gaba da ba shi wuta, amma wannan bayani ba kasafai yake isa kunnen mai saye kafin kuɗi su bar aljihunsa ba.

Ko lokacin da wutar ta zo, matsalar ba ta ƙare ba. Ana saita inbata ta amince da layi ne kawai idan ƙarfinsa bai yi nisa da bolt 230 ba, galibi tsakanin 207 da 253, kuma bugunsa yana kusa da 50 a kowace daƙiƙa. A unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da lodin da ya fi ƙarfinta, wuta kan zo da rauni, sai inbata ta ƙi haɗuwa. Akwai kuma akasin haka: idan wayar da ta taso daga inbata siririya ce ko ta yi tsawo, ƙarfin wuta yakan hau a bakin na'urar daidai lokacin da rana ta take, sai ta yi ta kashe kanta tana kunnawa. Ƙwararren mai gyara yakan fara da auna ƙarfin wutar a bakin mita da bakin inbata, ya duba kaurin waya da ɗaurin waya ta ƙasa. Wanda bai ƙware ba kuwa hanya mafi sauƙi yake bi: ya shiga saitin na'urar ya buɗe iyakokin, wani lokaci har ya kashe kariyar gaba ɗaya. Ta haka ƙa'idar da ba ta dace da wuri ba take koya wa mutane karya ƙa'idar da ta dace.

Kada a ɗauka masu rubuta ma'auni ba sa kuskure. Jamus da kanta ta taɓa wajabta wa inbatoci su yanke nan take idan bugun layi ya kai 50.2. Sa'ad da farantai ba su da yawa, babu wanda ya damu. Da dokar saye da farashi mai tsoka ta shekarar 2000 ta cika rufin gidaje da sola, sai injiniyoyi suka farga cewa ɗan hawan bugu kaɗan zai iya sa dukkansu su fice a lokaci guda, su girgiza layin Turai. Daga 2012 aka shiga sake saita dubban ɗaruruwan na'urori, aka koma tsarin rage wuta sannu a hankali. Abin koyi a nan shi ne sun karanta dokarsu da idon layinsu, suka gyara. Mu da muka aro zanen, mun fi su buƙatar wannan karatu.

Idan aka juyo ga rubutunmu na gida, akwai abin yabo. Gyaran tsarin mulki da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 sun buɗe wa jihohi ƙofar tsara kasuwar wutarsu. Ƙa'idojin ƙananan layuka na NERC, waɗanda aka fitar a 2016 aka sabunta a 2023, sun fayyace yadda mai zuba jari da al'umma da kamfanin rarraba wuta za su ƙulla yarjejeniya, hukumar NEMSA kuma ita ke da alhakin duba ingancin haɗi. Amma mai karatun da waɗannan takardu suka sa a rai kamfani ne mai lauya da injiniya. Mai gida da farantai takwas, da yaron da ya koyi haɗi a Sabon Gari, ba da su ake magana ba, kuma ba da harshensu ba. Shi ya sa tambayoyin da suka fi yawa a bakin mutane suke yawo babu amsa a kusa: wa zan sanar kafin in jona? Me ya sa kuɗin mitata ke ƙarewa da rana? Amsar ta biyun ita ce wasu mitocin kati ba sa bambance wutar da ta shigo da wadda ta fita, sai su caji mutum kuɗin wutar da ya bayar kyauta, sai fa in an saita inbata ta daina turawa waje ko an sa mita mai ƙirga ɓangare biyu.

Hukuncin wannan sharhi shi ne ƙa'idojin sun yi daidai a kan abin da suka hana, sun gaza a kan wanda suke yi wa magana. Jihohin da yanzu alƙalami ke hannunsu suna da damar rubuta ƙa'ida gajeriya, cikin Hausa, wadda za ta riƙe sharaɗin daƙiƙa biyu ba sassauci, ta tsara iyakokin ƙarfin wuta bisa awon layukanmu na haƙiƙa, ta kuma wajabta wa mai sayarwa ya faɗa wa mai saye abin da na'urarsa za ta yi idan aka ɗauke wuta. Ma'aikacin da ke kan falwaya ba zai tsira da dokar da mai haɗa waya bai iya karantawa ba.